Ba kowace ce Mak Fo ba: yadda ake gane bindigar da ke hannun soja a tsohon hoto

A gidajen Hausawa da yawa a Legas, daga Obalande har Agege da Idi Araba, akwai hoton wani kaka cikin kaki, rataye a bango ko ajiye a ƙasan akwati: gajeren wando, jar dara ko malafa, bindiga tsaye daf da ƙafar dama. Garin nan kuwa yana da tsohuwar alaƙa da aikin soja. A nan John Glover ya tara Hausawan da sojan Najeriya ya samo tushe daga gare su a 1863, kuma har gobe barikin Dodan, da na Myohaung a Yaba, da na Arakan a Apapa, suna amsa sunayen wuraren da mazajen suka yi gumurzu a yaƙin Bama. Sai dai yawancin hotunan ba su da kwanan wata, mutanen da suka san labarinsu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage yana magana a cikin hoton shi ne bindigar.

Mutanenmu sukan kira duk bindigar katako mai sakata da suna ɗaya, Mak Fo. Asalin sunan danginta Lee-Enfield. James Paris Lee ne ya ƙera sakatarta, wato ƙarfen da ake ja baya a tura gaba ya sa harsashi a bututu, da gidan harsashinta, Enfield kuma unguwa ce a arewacin Landan inda maƙerar gwamnatin Ingila take. Sojan Ingila da na ƙasashen da ta mallaka sun riƙe ta daga 1895 har wajen 1957, kuma a tsawon wannan lokacin an sake mata fasali sau da yawa. Wadda ake ce wa Mak Fo, sunanta na gaskiya Lamba 4 Mak 1, baki ne ya haɗe sunan; Lamba tana nuna samfurin bindigar, Mak kuma zubin gyaran da aka yi wa samfurin. Wanda ya iya rarrabe ta da 'yan uwanta zai iya cewa hoton bai girmi shekara kaza ba, kuma wannan babban abu ne ga mai neman tarihin gidansu.

Da farko a gyara hoton. Kada ka ɗauke shi da waya ta cikin gilashi, haske zai cinye daidai wurin da kake nema. Kai shi shagon da ke da sikana mai shimfiɗa, ka ce a ɗauka a dpi 600, wato ma'aunin kaifin hoto a sikana, idan ƙaramin hoto ne irin na aljihu a kai 1200. In za a turo maka ta WhatsApp, a turo shi a matsayin fayil, domin turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi, ƙananan alamomi su narke. Laimar Legas takan manne takardar hoto da gilashin firam. In haka ta faru kada ka ɓamɓare, fuskar hoton za ta bi gilashin. A ɗauke shi tare da gilashin a haka. Kada kuma a yi masa laminetin, zafin injin da gam ɗin ba sa komawa baya.

Sannan ka duba ko hoton a juye yake. Hannun sakatar Lee-Enfield a dama yake, koyaushe. In ka gan shi a hagu, mai wankin hoto ne ya kifa fim ɗin, sai ka juya shi a kwamfuta kafin ka ci gaba.

Tabbatar da dangi abu ne mai sauƙi. Akwai gidan harsashi na ƙarfe da ya leƙo a ƙasa, daf da gaban kunama, gindinsa a karkace, yana cin harsashi 10 na .303, wato mai kaurin inci .303. Hannun sakatar yana can baya, saman kunamar. Katakon kuma biyu ne: ƙota daban, katakon gaba daban, wani zoben ƙarfe mai kauri ya haɗa su a bayan kunama. In babu gidan harsashi a waje, sai wani dogon mariƙi a ƙarƙashi, to Martini ce mai cin harsashi ɗaya, wadda ta girmi duk dangin Lee-Enfield.

Hanci ne ke raba gardama

In soja yana tsaye a fareti, hannunsa yakan rufe tsakiyar bindiga, amma bakinta yana sama a fili. Don haka daga can ake farawa.

Lamba 1 Mak III, wadda Turawa ke taƙaitawa SMLE, hancinta dunƙule yake. Katako ya rufe bututun sama da ƙasa har ƙarshe, sannan aka sa masa hular ƙarfe mai kunnuwa biyu da ke kare saitin gaba. Bututun da ƙyar yake leƙowa. A ƙarƙashin bakin akwai wani dunƙulen ƙarfe zagayayye, wanda zoben banati, wuƙar da ake kafawa a bakin bindiga, ke shiga. A hoto mai duhu sai ka ɗauka baki biyu gare ta. Babu wata bindigar soja mai irin wannan fuskar sai ita da 'ya'yanta.

Lamba 4 kuwa katakonta ya tsaya kafin ƙarshe, bututun ya fito tsirara kamar tsawon ɗan yatsa, da wasu ƙananan haƙora biyu a jikinsa inda banati ke kamawa. Tsawonsu kusan ɗaya ne da Lamba 1, santimita 113, bututun duka inci 25.2, saboda haka tsawo ba ya raba su. Mutane da yawa a nan suke kuskure.

Lamba 5 ba ta ɓuya. Gajera ce, mita ɗaya da ɗan kaɗan, bututunta inci 18.8, katakon gaba ya tsaya tun da nisa, bakinta kuma yana da wani mazurari na ƙarfe da ke rage walƙiyar wuta. A gindin ƙotar akwai roba maimakon farantin ƙarfe.

In kuma bindigar ta yi tsawo fiye da kima, ta kai santimita 126, bututun ya fito sosai, to tsohuwar doguwar Lee ce ta 1895 mai bututu inci 30.2, wadda aka gajarta a 1904 domin sojan ƙasa da na doki su riƙe iri ɗaya.

Abu na biyu shi ne saitin baya. A Lamba 1 yana kan bututu, tsakiyar bindiga, kwance kamar ɗan tsani tsakanin kunnuwan ƙarfe biyu, an zana masa yadi 200 zuwa 2,000. A Lamba 4 da Lamba 5 an mayar da shi can baya kusa da ido, kan gidan sakata, ya zama ƙaramin rami da ake leƙawa ta ciki. Don haka in ka ga bayan bututun sumul, katako kawai ba wani tudu a tsakiya, Lamba 4 ce ko Lamba 5, ko da hancin bai fito a hoton ba. Dalilin sauyin shi ne nisa tsakanin saitin gaba da na baya ya ƙaru, kuma kurtu ya fi saurin koyon leƙa rami a kan daidaita tsaga.

Banati ma shaida ne, kuma ya fi komai fitowa a hoton fareti. Na Lamba 1 kamar takobi yake, samfurin 1907, ruwansa inci 17. In an kafa shi bindigar takan kai santimita 156, kusan kafaɗa ko haɓar mutum. Na Lamba 4 na lokacin yaƙin duniya na biyu tsinke ne kawai na ƙarfe, inci 8, ba kaifi ba mariƙi. Bayan yaƙi an yi mata masu ruwan wuƙa, waɗanda ake kira banati Lamba 7 da banati Lamba 9, gajeru su ma. Na Lamba 5 wuƙa ce mai babban zobe, domin zoben sai ya wuce ta kan mazurarin nan. Banatin ɗaya ba ya hawa ɗaya, shi ya sa shaidarsa ke da ƙarfi.

'Ya'yan Lamba 1

Mak III ta fito a watan Janairun 1907. Abin da ya bambanta ta da Mak I ta 1904 shi ne gadar ƙarfe da ta haye saman gidan sakata, inda ake kafa jerin harsashi biyar a tura ƙasa. A Mak I babu gada, rabin majingin yana kan sakatar kanta yana tafiya da ita, abin da ke saurin sassautawa.

Mak III ta asali tana da kayan ƙawa uku da yaƙi ya zo ya share. Na farko wani faifan ƙarfe ne a gefen dama da ake turawa ciki ya toshe gidan harsashi, domin soja ya riƙa sa ɗaya-ɗaya ya bar goman a ajiye. Na biyu saitin nesa ne a gefen hagu: faifai zagayayye mai allura kamar agogo a jikin katakon gaba, da wani siririn hannu mai rami a baya, don rundunar ta yi ruwan harsashi kan wuri mai nisan da ya wuce yadi 2,000. Na uku ƙaramar ƙafa ce a saitin baya ta gyara karkatar iska. Da yaƙin duniya na farko ya yi zafi, maƙeru suka kasa biyan buƙata, sai aka cire su. Wannan ita ce Mak III mai tauraro, Mak III*, da aka amince da ita a farkon 1916. An kuma sauya maɓallin bayan sakata daga zagayayye zuwa shafaffe mai tsaga-tsaga.

A hoto, duba gefen hagu na katakon gaba. Faifai mai allura yana nuna bindigar farkon zamani. Amma a yi hattara: maƙeru sun ci gaba da amfani da sassan da suka rage a rumbu, don haka akwai Mak III* masu ramin faifan toshiya ba faifan, akwai katako mai gurbin agogon ba agogon. Bayan yaƙi ma an mayar wa wasu faifan toshiyar, aka soke tauraron da layi. Alama ɗaya ba ta isa hukunci a nan, sai biyu sun yarda da juna.

Sunan Lamba 1 kansa sai a 1926 aka raɗa mata, lokacin da aka sake tsarin sunaye. A wannan tsarin Lamba 2 ta koyon harbi ce mai ƙaramin harsashi .22, wadda a ido ba ta da bambanci da Lamba 1, Lamba 3 kuma wata bindiga ce daban da za mu zo kanta.

'Ya'yan Lamba 4

An fara ƙera ta da yawa a 1941. Bututunta ya fi kauri, nauyinta ya ɗan haura kilo 4, gefen gidan sakatarta shafaffe ne mai kusurwa domin inji ya yanka da sauri. A Ingila wurare uku suka yi ta: Fazakerley kusa da Liverpool, Maltby, da kamfanin BSA a Shirley.

Mak 1 tana da ɗan maɓalli mai sifirin a gefen dama, bayan gada, da ake dannawa a zare sakata. Mak 1* ba ta da shi, an yi wata tsaga ce kawai a kan hanyar sakatar ta gaba. Wannan ta biyun a Long Branch ta Kanada da kamfanin Savage na Amurka aka yi ta daga 1942. Ta Savage takan ɗauki rubutun U.S. PROPERTY a gefen hagu, saboda a ƙarƙashin yarjejeniyar aron kayan yaƙi Amurka ta ba da ita. Ganin wannan rubutun ba ya nufin sojan Amurka ya riƙe ta.

Saitin baya na Lamba 4 iri-iri ne. Akwai na asali mai noti a sama da ake murɗawa, yadi 200 zuwa 1,300. Akwai na tsakiyar yaƙi, ɗan ƙarfe mai kusurwa da ake kifawa gaba ko baya, rami biyu kacal, 300 da 600. Akwai kuma na bugun faranti mai zamewa. Sai dai makanikan bariki sun yi ta musanya su, don haka saitin yana gaya maka shekarun saitin ne, ba lallai na bindigar ba.

Mak 2 ta zo a 1949. Gyaranta a ciki yake: an ɗauke kunama daga jikin zoben da ke kare ta aka rataye ta a gidan sakata, domin a da in katako ya sha laima ya kumbura, nauyin jan kunamar yakan sauya. Duk wanda ya ga yadda ƙofar katako ke cijewa da damina a Legas ya san abin da ake nufi. Daga waje ana gane ta da noti guda da ya ratsa ƙarshen katakon gaba, sama da kunama, inda tsofaffin ke da ɗan maɗaurin ƙarfe. Katakonta sau da yawa fari-fari ne, gindin ƙotar kuma tagulla. Tsofaffin da aka mayar wannan tsarin an sake musu suna: Mak 1 ta zama Mak 1/2, Mak 1* ta zama Mak 1/3.

In ka ga Lamba 4 da madubin hange a sama da ɗan tudun katako a ƙota inda kunci ke kwanciya, ta gwanayen harbi ce, Lamba 4 (T).

Lamba 5 an yi ta daga 1944 zuwa 1947, kimanin dubu 250, a Fazakerley da Shirley kawai, nauyinta kilo 3.2. Saitinta ya tsaya a yadi 800. An rarake ƙarfe a gefen gidan sakata da gindin bututu, har dunƙulen hannun sakata an huda shi don rage nauyi. Hotuna da yawa a intanet da aka yi wa laƙabin Lamba 5, Lamba 4 ce da 'yan kasuwa a ƙasashen waje suka datse. Saitin da ya kai 1,300 ko rashin waɗannan rarake-raraken yana tona su. Kada kuma a ɗauka duk wanda ya je Bama ita ya riƙe don ana danganta ta da daji. Ta zo a makare, yawancin yaƙin da dogayen aka yi shi.

Masu kama da ita

Biyu ne ke ruɗa mutane. Lamba 3, wato samfurin 1914 da aka ƙera a Amurka, harsashinta ɗaya da su amma ba 'yar gidan ba ce. Katakonta guda ne daga gindi har gaba, gidan harsashinta na ciki ne mai cin 5, ba ya leƙowa, tana da manyan kunnuwa a bayan gidan sakata, hannun sakatar kuma a lanƙwashe kamar ƙafar kare. Ta biyu ita ce 2A da 2A1 ta maƙerar Ishapore a Indiya, daga shekarun 1960. Fuskarta sak Lamba 1, amma harsashinta 7.62, gidan harsashin ya fi tsawo, gindinsa a miƙe kamar akwati, yana cin 12. In gindin gidan harsashi bai karkace ba, hoton ba na yaƙin Hitila ba ne.

Karanta tambari

Wannan na wanda ya samu hoto na kusa ne, ko ya tsaya gaban bindigar a gidan tarihi. A Lamba 1 rubutun yana gefen dama na zoben da ya haɗa katakan, ƙarƙashin hannun sakata. Daga sama: kambi, harufan sarki, maƙera, shekara, sannan ShtLE da III ko III*. ER na Sarki Edward na bakwai ne, wanda ya rasu a 1910, GR na Joji na biyar ko na shida. Maƙeran sun haɗa da ENFIELD, BSA Co, LSA Co, Lithgow ta Ostareliya, da Ishapore, wadda ke sa GRI a tsofaffin bindigoginta, RFI a na baya-baya. A Lamba 4 da Lamba 5 rubutun ya koma gefen hagu, kuma sau da yawa zanen allurar lantarki ne marar zurfi da ke ɓacewa ƙarƙashin fenti. Haska fitila daga gefe, ba daga gaba ba. ROF(F) Fazakerley ce, M47C kuma BSA Shirley. Harafin L a tsakiyar lambar bindiga na Long Branch ne, C na Savage.

Kibiya mai ƙafa uku tana nufin kayan gwamnati. FTR da shekara na nufin an mayar da ita maƙera an yi mata garambawul a wannan shekarar, ba shekarar haihuwarta ba ce. DP na nufin ta fareti ce kawai, an yanke mata hukuncin ba ta harbuwa. Faifan tagulla da ke gefen ƙotar tsofaffin Lamba 1, a kansa ake buga sunan runduna. In ya fito a hoto, ƙara girmansa da kyau. Lambar da ke kan hannun sakata ya kamata ta yi daidai da ta gidan sakata, in sun saɓa an yi musanya.

Me bindigar ke faɗa game da shekara

Ƙa'idar ɗaya ce: bindiga tana ba ka shekarar da hoton ba zai girme ta ba, ba ta ba ka shekarar ƙarshe. Lamba 4 na nufin 1941 ko bayanta, Lamba 5 na nufin 1944 ko bayanta, Mak 2 na nufin 1949 ko bayanta, wato zamanin da ya kai ga zuwan Sarauniyar Ingila Najeriya a 1956 da aikin da sojan Najeriya ya je yi a Kwango a 1960. Lamba 1 kuwa ba ta yanke komai ita kaɗai. An riƙe ta a yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916, Indiya da Ostareliya kuma ba su daina ƙera ta ba har bayan yaƙi na biyu, don haka a fagen Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi, ita da Lamba 4 duk sun yi aiki. Kakan da ke riƙe da Lamba 1 zai iya zama na 1915, zai iya zama na 1944. Sai a haɗa da hula, da ɗamara, da tambarin kafaɗa, da hatimin mai hoto a bayan takardar. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan ya sa hotunan sojojin Afirka ta Yamma a shafinsa, da yawa da shekara da wuri, suna da amfani wajen gwadawa. A tuna kuma 'yan sanda sun ci gaba da riƙe Lamba 4 shekaru masu yawa bayan soja ya koma bindigogi masu sarrafa kansu, don haka a tabbatar kakin na soja ne kafin a ce yaƙi.

Duk wannan aikin ido ne a kan hoto ko bayan gilashin gidan tarihi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashi .303 cikin jerin haramtattu, tsufanta ko tsatsarta ba sa fitar da ita daga jerin. In an ci karo da ɗaya a rufin tsohon gida ko wajen haƙar tushe, kada a ja sakata, kada a taɓa kunama, kada a ɗauke ta a kai ko'ina, domin harsashin da ya shekara 70 a ciki yana iya tashi. A hana yara zuwa wurin, a ɗauki hotonta daga inda take, gefen dama da na hagu in suna ganuwa, sannan a sanar da mai unguwa ko sarkin Hausawan yankin a je ofishin 'yan sanda mafi kusa tare, su zo su ɗauka da kansu.